Daren da tunkiya ta harbi mutum

Kwana tara ke nan da muka tashi daga wasan kwaikwayonmu, amma har yau in na shiga ɗakin shan shayi a wurin aiki sai na ji wani ya yi kukan tunkiya ƙasa-ƙasa, sauran su ƙunshe dariya. Labarin ya riga ni zuwa. Gara in ba da shi da bakina tun kafin a gama zuba masa gishiri.

Masu leƙowa nan sun san shekarata uku a wani ƙaramin gari na yankin Yorkshire, a arewacin Ingila, ina aiki a gidan kula da tsofaffi, yawanci aikin dare. Abin da na ɓoye muku shi ne tun watan Satumba na shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garin. Kunya ce ta sa. Ranar da na gaya wa Yaya a waya sai da ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce, "Kai yanzu da girmanka da iyalinka, dirama ka je yi a Turai?" Na ce, "Yaya, ba fitowa nake yi ba, sauti kawai nake sakar musu." Ya ce, "To, Allah ya kyauta." Wanda ya san Yaya ya san wannan addu'ar ba ta yabo ba ce.

Yadda na faɗa ciki ma abin dariya ne. Dattijon da ya yi shekara ashirin yana riƙe musu sauti aka yi wa aikin ƙugu, likita ya hana shi hawa bene, ga shi teburin sautin can saman baranda yake. Wata nas da muke aiki tare, wadda ita ke ɗinka musu kayan sawa, ta taɓa ganin na gyara talabijin ɗin falon tsofaffi. Gyaran kuwa bai wuce zare waya a mayar ba. Shi ke nan na zama injiniya a idonta. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Ƙungiyar ba ta 'yan sana'a ba ce. Ba wanda ake biya ko kwabo, hasali ma kowa ke biyan kuɗin shekara don a bar shi ya sha wahala. Irinta sun cika ƙasar nan, har suna da uwar ƙungiya da aka kafa tun 1899. Tamu ba ta da gidan kanta. Zauren taron gari muke haya, wanda ran Litinin tsofaffi ke motsa jiki a ciki, ran Laraba yara ke koyon rawa, ranar zaɓe kuma nan ake jefa ƙuri'a. Kujerun roba 140 yake ci in an matsa. Wasa uku ake yi a shekara, amma ɗaya ne ke ciyar da sauran: na yara da ake yi cikin hunturu, wanda a al'adarsu ƙaton namiji ke sa rigar mata ya fito a uwa. Daga ribarsa ake biyan haya da kuɗin izini, don a nan ko kyauta za ku nuna wasan wani sai kun biya masu haƙƙinsa na kowane dare, kuma ba ku isa ku sauya masa magana ba.

Daraktarmu tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, shekararta 72. Ba ta kai kafaɗata ba, amma in ta zare tabarau ta dube ka sai ka tuna laifin da ka yi a aji uku. Kowa sunanta yake kira gatsal, har waɗanda ta koyar da iyayensu. Ni bakina ya ƙi. Madam nake ce mata. Sau biyu ta hana ni, a na uku ta haƙura, yanzu har sauran sun ara suna tsokanarta da shi.

Wasan da ta zaɓa bana shi ne The 39 Steps, wato matakala 39. Asalinsa littafi ne na wani ɗan Sikotland, John Buchan, da ya fito a 1915 ana cikin Yaƙin Duniya na Farko, labarin 'yan leƙen asiri ne ba raha a cikinsa. A 1935 Alfred Hitchcock ya mai da shi fim, ya juya shi son ransa: ya sako mata a labarin, ya kawo wani mai nuna bajintar hadda a gidan kallo, har matakalar ma, wadda a littafin ta gaske ce mai gangarawa bakin teku, ya mai da ita sunan ƙungiyar asiri. Daga baya, a tsakiyar shekarun 1990, wasu mutum biyu, Simon Corble da Nobby Dimon, suka ce bari su gwada wannan labari mai jirgin ƙasa da gada da tsaunuka da 'yan wasa huɗu kacal. A garin Richmond na nan Yorkshire suka fara, a wani ɗan ƙaramin gidan wasa da aka gina tun 1788, daga nan suka riƙa yawo da shi zaurukan ƙauyuka irin namu. A 2005 Patrick Barlow ya sake rubuta shi, ya bi fim ɗin sau da ƙafa. Aka buɗe a Leeds, ya wuce Landan a 2006, ya yi shekara tara cur a gidan wasa na Criterion, ya ci kyautar Olivier, babbar kyautar wasan kwaikwayo ta ƙasar nan, a 2007, a shekarar kuma ya ƙetara Amurka. Madam takan ce ɗan ƙauye ne ya je birni ya yi arziki, mu gida muka dawo da shi.

Labarin a taƙaice: wani gwauro mai suna Hannay, zaman kaɗaici ya ishe shi a Landan, ya je kallo gidan wasa. Aka harba bindiga, wata mata ta maƙale masa ta bi shi gida, ta ce ita 'yar leƙen asiri ce, ana neman ranta, kuma a yi hattara da mutumin da gaɓar ƙaramin yatsansa ta gutsure. Kafin gari ya waye ta faɗo masa a cinya da wuƙa a baya. Daga nan sai gudu. 'Yan sanda na nemansa da laifin kisa, ya hau jirgin ƙasa zuwa Sikotland, ya dire a kan gadar Forth, ya kwana gidan wani manomi mai kishin tsiya wanda matarsa ta ba shi kwat ɗin mijin ya tsere da shi, ya je neman taimako wurin wani farfesa mai mutunci a idon jama'a. Farfesan ya ɗaga hannu, sai ga yatsa guntu. A nan rabin farko ke ƙarewa, da harbi. A rabi na biyu ake gano littafin waƙoƙin coci da ke aljihun kwat ɗin ne ya tare harsashin, a ɗaure Hannay da ankwa ɗaya shi da wata mata da ba ta ƙaunar ganinsa, garken tumaki ya tare motar da ke ɗauke da su, har a dawo Landan wurin mai haddar nan, wanda ashe a kansa aka ajiye sirrin. Ku riƙe harbin nan da tumakin nan.

Mai raba wasiƙun unguwarmu ne Hannay. Wata mai aiki a kantin magani ita ce mata uku na labarin. Duk sauran jama'a, fiye da ɗari, mutum biyu ne ke yin su: wani mai gyaran famfo da ya yi ritaya da wani malamin lissafi na sakandare, waɗanda a gida nake kira Dogo da Gajere. Su ne 'yan sanda, su ne 'yan fashi, su ne manomi da farfesa da matar farfesa, wani lokacin har dutse da kududdufi su ne. Kayan aikin kuwa akwatuna uku, tsani biyu, ƙofa ɗaya mai taya, firam ɗin taga da ake riƙewa a hannu, sai huluna buhu guda. Akwatunan nan su ne kujerun jirgin ƙasa. In 'yan wasa suka zauna suna jijjiga jiki, ni kuma na saki ƙarar dogo, jirgi ya tashi ke nan. Tsani biyu da katako a tsakani, gadar Forth ta samu, gadar da aka buɗe tun 1890 da ƙarfe tan dubbai. Akwai wuri a tashar jirgi da Dogo da Gajere ke zama fasinja, ɗan sanda, mai sayar da jarida da ɗan dako cikin abin da bai kai minti biyu ba, ba abin da ke canzawa sai hula da murya. Gajere har gardama yake yi da kansa: ya ɗora wannan hula ya yi tambaya, ya sauya ya ba da amsa.

Ranar da na fara ganin wannan wurin a gwaji, tashe ya faɗo mini. Mu da muka tashi a Zariya, da azumi ya kai goma sai mu nemo auduga mu liƙa gemu, mu cusa tsumma a riga ya zama tumbi, mu ari sandar kaka. Ba gidan da za mu shiga da ba a san ko 'ya'yan wa ne ba. Daɗin ma a nan yake: matan gida suna ganin tsohon, suna kuma ganin yaron da ke ƙarƙashin gemun, lokaci guda. Haka mutanen garin nan suke ganin ɗan sanda, suna kuma ganin mutumin da ya gyara musu bututun banɗaki shekara talatin. Na gwada yi wa Dogo bayanin tashe, ya ce tun da ana ba da kuɗi a ƙarshe mun fi su wayo.

Abin da ban sani ba sai da na shiga, rabin dariyar wasan nan kuskure ne, kuma kuskuren a tsare yake. Hannay zai leƙa taga ya ga 'yan leƙen asiri biyu ƙarƙashin fitilar titi. Da ya kau da kai sai su sungumi fitilar su fita, in ya sake leƙawa da sauri su dawo a guje suna haki. Ƙofa za ta makara. Hazo zai yi yawa. Nawa rabon shi ne wayar tarho: za ta yi ƙara, Hannay ya ɗaga, ta ci gaba da ƙara a hannunsa, shi kuma ya ɗago kai ya harari baranda inda nake. Na ɗauka wannan ai mai sauƙi ne, makara kawai ake so, kuma ni Bahaushe ne, ba sai an koya mini ba. Sau goma sha bakwai muka maimaita shi a dare ɗaya. Madam ta ce ƙara biyu da rabi take so bayan ya ɗaga. In na tsaya a biyu, 'yan kallo za su zaci kuskuren gaske ne, su ji mini kunya, kuma wanda ke jin kunya ba ya dariya. In na kai uku, sun riga sun gane, dariyar ta huce. Rabin nan shi ne wasan. Da na koma gida na kwanta, ƙarar tarho nake ji a kunnena.

Doka ta biyu da take nanatawa ita ce duk wanda ke kan dandamali bai san abin dariya yake yi ba. Hannay da gaske yake gudun ransa. Dogo ne mai yawan karya wannan doka, don in ya ji an yi dariya sai ya ƙara, ya kashe wa 'yan kallo ido. Sai ka ji muryarta daga cikin duhu: "Wa kake kallo? Ana binku da bindiga."

Aikina a baki ba wuya. Sautuka 112 ne a jere a kwamfuta, kowanne da lambarsa. A gefen dandamali akwai wata akanta mai riƙe da littafin wasa, ita ce mai ba da umarni. Abin magana na kunnena, za ta ce in shirya lamba kaza, in ɗora yatsa, ta ce saki, in danna. Ko na ga lokaci ya yi da idona, ba ni da ikon dannawa sai ta faɗa. Dattijon da na gada bai sa wa fayil ko ɗaya suna ba, lamba ce kawai, jerin sunayen kuma na wata takarda da ya rubuta da fensir.

Camfi kuwa, ashe ba mu kaɗai ba ne. Ba a yi wa ɗan wasa fatan sa'a, sai dai a ce ya karya ƙafa. Ranar farko da aka faɗa mini haka ban san sanda na ce "Allah ya kiyaye" da ƙarfi ba. Akwai wasan Shakespeare ɗaya da ba a ambatar sunansa a cikin zaure. Ba a kuma yin fito a bayan labule. Wai a da ma'aikatan jirgin ruwa ne ke jan igiyoyin dandamali, da fito suke yi wa juna ishara, in ka yi naka sai a sako maka kaya a ka. Na ce mu ma Inna ta hana mu fito da dare, amma nata dalilin ya fi nasu ban tsoro. Abin haushin, Hannay da fito yake yawo rabin wasan, don wani kiɗa ya maƙale masa a kai ya rasa inda ya ji shi, kuma kiɗan ne ke warware asirin a ƙarshe. Mai raba wasiƙu sai ya fita filin ajiye motoci cikin sanyi yake gwada nasa.

Daren Alhamis muka buɗe, ƙarfe bakwai da rabi, tikiti fam 12. A ƙarshen Nuwamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a nan, don haka na yi isha'ina a gida na fito hankali kwance. Komai ya tafi daidai. Tarho ta yi biyu da rabi, zaure ya fashe. Ƙorafin Madam ɗaya ne: harbin farfesa bai da nauyi, kamar an fasa ledar burodi. Ta ce akwai wani mai ƙarfi a cikin fayilolin dattijo, in nemo in sauya kafin gobe.

Daga zauren wurin aiki na wuce, don na roƙa an bar ni in shiga ƙarfe sha ɗaya. Na tashi takwas na safe, na ɗan rintsa, na hau bas zuwa masallacin Juma'a, tafiyar minti arba'in, na dawo na sake rintsawa. Ƙarfe biyar na isa zaure, na tarar ana bikin zagayowar haihuwar wata yarinya, yara sun cika wurin da balan-balan. Ba dama in saki ƙarar bindiga a lasifika. Abin sawa a kunne kuma na baro shi a gida. Na duba takardar fensir, na ga babban harbi lamba 47, ko kuma abin da idona mai barci ya gani ke nan. Na jawo fayil ɗin na ajiye a gurbinsa. Na ce ai lamba ba ta ƙarya.

A daren Juma'a zaure ya cika har an ƙaro kujeru daga kicin. Rabin farko ya tafi kamar ruwa. Muka iso gidan farfesa. Wannan wurin Madam ta fi kashe wa lokaci a gwaji, don daƙiƙa talatin ɗin ƙarshensa ta hana kowace irin raha. Gajere ne farfesa, kuma duk wanda ya taɓa zama ajinsa ya san yana da wata murya da yake saukarwa ƙasa in ransa ya ɓaci. Ya nuna yatsa. Aka rage wuta. Na janye kiɗa a hankali har ya ɓace. Ya zaro ƙaramar bindiga daga aljihu, Hannay ya ja baya har ya jingina da ƙofa. Zaure ya yi tsit. Akanta ta ce in shirya. Ta ce saki.

Meeeeeeee.

Tunkiya ce guda, babba, mai doguwar murya da ke karkarwa a ƙarshe, irin wadda aka raba da ɗanta. Kuma da ƙarfin da na saita wa bindiga ta fito, har tagogi suka amsa.

Mai raba wasiƙu, Allah ya saka masa, ya dubi ƙirjinsa, ya dubi bindigar, ya dafe zuciya ya sulale ƙasa kamar yadda aka koya masa. Gajere ya juyo da bakin bindigar ya leƙa ciki, gashin bakinsa na roba na rawa. Daga nan ban ƙara jin komai ba sai ihu. Wata tsohuwa a layin gaba ta kife a kan jakarta. Wani yana buga ƙafa a ƙasa. Ni kuwa gumi ya karyo mini cikin sanyin nan. A kunnena akanta ta yi shiru, can ta ce a hankali, "Me na ji yanzu?" Aka kashe wuta.

Daga baranda zuwa ƙasa matakala 14 ce, ba 39 ba, amma kowacce da Madam ta taka na ji ta a ƙirjina. A ƙasa ana ta sayen shayi da biskit, wani dattijo na ɗaga mini babban yatsa. Ta iso, ta tsaya ta huta, ta zare tabarau.

"Ka saurara kafin ka sa?"

"A'a, Madam."

"Na gode da ka faɗi gaskiya. Duba na rabi na biyu, duka."

Ta juya ta sauka. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Harbin 74 ne. Bakwai ɗin dattijo da huɗunsa ba su da laifin komai, ni na juya su.

Bayan an tashi aka yi taro a kicin, a tsaye, kowa da kofi a hannu. Dogo ya ce shekara talatin yana wasa a zauren nan bai taɓa jin dariya irin wannan ba, wauta ce a jefar da ita, gobe ma a sa tunkiya. Mai raba wasiƙu ya goyi bayansa. Ni ban ce uffan ba, amma a zuciyata ina tare da su ɗari bisa ɗari.

Mai kantin magani ce ta fara juya maganar. Ta ce ku kuna jin dariya, ni ina kan dandamali a rabi na biyu. Akwai wurin da ita da Hannay ke ɗaure da ankwa a ɗakin masauki, ta fara gane cewa gaskiya yake faɗa. Ran Alhamis ana sauraronta, yau kuwa mutane tunkiya ta gaba suke jira. Da garken gaske ya tare mota, wani daga baya ya yi ihu wai a kwanta ana harbi. Mafi muni shi ne ƙarshe. Mai hadda mutum ne da ba ya iya ƙin amsa tambaya in an yi masa ita a gaban jama'a. Hannay ya tambaye shi mene ne matakala 39, ya fara faɗa, aka harbe shi, ya mutu yana karanto sirrin da ya haddace, yana neman a ce masa ya yi daidai. Dogo ne ke yin sa, kuma shi ne wuri ɗaya a duk wasan da yake yi da zuciyarsa. Ran Alhamis ba wanda ya yi tari. A daren Juma'a, da bindiga ta tashi, samari uku a baya suka amsa da kukan tunkiya, zaure ya sake fashewa, Dogo ya mutu cikin dariya ba wanda ya ji abin da ya faɗa.

Ta dubi Dogo ta ce, "Ko ba haka aka yi ba?" Ya sunkuyar da kai cikin kofinsa.

Madam ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce wasan nan ƙafa biyu gare shi, dariya da tsoro, kuma tsoron kaɗan ne ƙwarai, bai fi wuri uku ba, shi ya sa ba ta da na bayarwa. In 'yan kallo suka tafi shan shayi ba su damu ko Hannay ya mutu ba, rabi na biyu ya zama manya huɗu suna musayar huluna. Ta ce gobe bindiga.

Da na isa gida na ba uwargida labari, har da ƙarin cewa ni a ganina Madam ta cika tsauri, tun da mutane dariya suka biya kuɗi su yi. Tana ninke kayan yara ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, kai dai so kake a ce kuskurenka basira ce." Ban sami amsa ba, na tafi na kwanta.

Ran Asabar ƙarfe huɗu ina zaure. Sau uku na saki 74 a lasifika, har mai gadin wurin ya shigo a guje. Na bi sauran 111 ɗaya bayan ɗaya. Uwargida da 'yarmu mai shekara tara suna layi na biyar. Daga baranda ina hango ɗankwalin uwar.

Gajere ya nuna yatsa. Wuta ta ragu. Na ji wasu 'yan dariya ƙasa-ƙasa a baya, waɗanda labarin jiya ya kawo. Shirya. Saki.

Ƙarar ta daki bango ta dawo. Wata mata ta ja numfashi da ƙarfi har na ji ta daga sama. 'Yata ta cafke hannun uwarta. Hannay ya sulale, aka kashe wuta, kuma a cikin duhun nan na ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu kafin a fara tafi. A hutun rabin lokaci yarinyar ta hawo baranda, abin da aka hana, ta ce, "Abba, ya mutu da gaske?" Na ce ta koma ta zauna ta gani. Da aka dawo aka ɗaga littafin waƙoƙin coci da harsashi a cikinsa, dariyar da aka yi wata iri ce, ta mutanen da suka daɗe da riƙe numfashi. Dogo ya samu mutuwarsa cikin shiru, ya kuma ja ta fiye da yadda aka tsara, Madam ta ƙyale shi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, dariyar Asabar ba ta kai ta Juma'a ƙarfi ba, ko kusa. Mutum biyu sun tare ni a bakin ƙofa suna tambayar ina tunkiyar, wai saboda ita suka zo. Har yanzu akwai ɓangaren zuciyata da ke jin daɗin cewa babbar dariyar da aka taɓa yi a zauren nan daga yatsana ta fito. Amma daƙiƙa huɗun nan na duhu su nake ta tunawa a bas.

Ran Lahadi muka kwance gadar Forth, muka mayar wa Dogo tsaninsa, muka jera kujeru goma-goma a jikin bango don tsofaffin Litinin. Ina naɗe wayoyi Madam ta miƙo mini rubutun wasan yara na hunturu, ta ce akwai saniya a ciki, wannan karon dabbar a rubuce take. Ta ce kuma kafin gwajin farko tana so kowane fayil ya sami suna. Dare biyu na yi ina saurare ina sa musu: ƙofa, hadari, jirgin ƙasa, tarho, babban harbi, tunkiya mai kukan ɗa. Sai da na kai na ƙarshe na lura da Hausa na rubuta su duka.